Baba, shekarunka nawa?

Yau labarin kaina zan ba ku. Labarin wata ƴar tambaya ce wadda na rena, ita kuwa ta kusa kada ni.

A shekara ta 1988, zamanin Ali Shaibu, gwamnati ta yi ƙidayar jama'ar ƙasa baki ɗaya. Ita ce ta biyu. Ta farko an yi ta a 1977, zamanin Seyni Kunce, anka samu mutum miliyan 5 da ƴan kai. Ina cikin waɗanda anka ɗauka aikin ta biyun, don lokacin ina koyar da karatun manya, kuma rubutuna shina karantuwa. Anka tara mu, anka koya mana aiki. Anka ba kowa takardu, da alƙalami, da allin sa lamba ga ƙofar gida. Anka ƙara mana da wata takarda mai jerin manyan abubuwan da sunka faru cikin ƙasa, kowane da shekararshi. Wagga takarda na naɗe ta, na tura ƙasan jaka. Na ce a raina, mi zan yi da ita? Ni da zan ƙirga mutane, ina ruwana da tarihi?

Anka tura ni wani gari arewa da Tasawa. Bayan ƙaramar salla ne, bazara ta kai iyaka, rairai shina ƙona ƙafa. Na yi sallama gidan farko. Mai gida ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, anka kawo fura. Sunan kowa ya zo da sauƙi. Sai munka kai ga wurin shekaru.

Na ce, "Baba, shekarunka nawa?"

Ya dube ni, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, wa ya ƙirga? Kai ne ka yi karatu. Dube ni ka rubuta."

Na dube shi. Na ga furfura ga gemu, na rubuta 60. Uwargida ban ma gan ta ba, muryarta kawai na ji bayan zana, na ba ta 40. Amarya 30. Yara sunka jeru, na raba musu 15, da 10, da 5, kamar mai rabon goro. Kafin furar ta kwanta mini na gama gida guda. Na tashi ina jin daɗi, ina cewa aikin nan ba wuya.

Kwana uku ina haka. Ran na huɗu mai duba aikinmu ya zo. Dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya zauna gindin bedi, ya buɗe takarduna, ya daɗe shina bin layin shekaru da yatsa. Can ya ɗaga kai ya ce, "Malam, wanga gari naka abin mamaki ne. Matan garin sai shekara biyar biyar suke haihuwa? Kuma duk tare?"

Ya nuna mini. Ba mai shekara 31. Ba mai 47. Ba mai 58. Abin da ya fi muni, cikin gidajen da na bi duka, da ƙyar anka samu yaro mai shekara 6, ko 7, ko 8. Daga 5 sai 10. Ya mayar mini da takardun, ya ce, "Koma gidan farko." Bai ƙara kalma ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na gane wanga ciwo ba nawa ba ne ni kaɗai. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, kowace kalma guda ce, baki shina son ta. Arba'in da bakwai kuwa tana da wutsiya, sai wanda ya tabbata ke jan ta. Ko'ina cikin duniya inda mutane ba su da takardar haihuwa, haka shekaru ke taruwa bisa lamba mai ƙarewa da 0 ko 5. Masu ilimin ƙidaya har awo gare su na kama wanga abu. Sukan ware mutane daga mai shekara 23 zuwa mai 62, su duba nawa ne shekarunsu sunka ƙare da 0 ko 5. In an faɗi gaskiya, mutum ɗaya ne cikin biyar. Cikin takarduna kusan biyar ne cikin biyar.

Wani zai ce, to mi ya ɓaci? An ƙirga mutum ko ba a ƙirga shi ba? An ƙirga shi. Amma kai manomi, in ka je sayen iri, ba ka cewa a ba ka hatsi kawai. Kana tambaya mai saurin nuna ne ko mai jinkiri. Kai makiyayi, in anka ce maka garke shanu ɗari ne, ba ka san arzikin ba sai ka ji maruƙa nawa, karsana nawa, tsofaffi nawa. Haka ƙasa take. Da yawan yara masu shekara 7 ake lissafin aji nawa za a gina, da mushe nawa za a aiko. Da yawan jarirai ake lissafin allurar rigakafi, kamar ta ƙyanda da ake yi wa ɗan wata 9. Da yawan masu shekara 18 ake sanin masu jefa ƙuri'a. Garin da takarda ta ce ba shi da ɗan shekara 7, wanda ke zaune Yamai bai taɓa ganin garin ba. Takardar kawai ya gani. Ni kuwa da hannuna na share yaran.

Na fara da mai gari. Na ce, "Ranka shi daɗe, na yi ɓarna, ina son ka taimake ni in gyara." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ba kai kaɗai ka yi ta ba. Mu ma mun taya ka."

Nan ya buɗe mini ciki. Mutane tsoro suke ji. Zamanin Nasara in anka zo ƙirga, ba alheri ke biyowa ba. Ƙirga ita ke kawo lanho, ita ke kawo ɗaukar soja, ita ke kawo aikin tilas, wanda sai a 1946 anka soke shi. Uba ya koyi rage wa ɗanshi shekaru don kada a sa shi cikin masu biyan lanho. Da lakwal ta zo tana ɗaukar yara, sai anka koyi wata dabara: ɗan shekara 7 ya koma 5, bai isa ba, ko ya koma 10, ya wuce. Ɗiya mace ta fi shan wagga dabara. Ban ga laifinsu ƙwarai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai shi gudu. Na rantse wa mai gari takardun nan ba su zuwa hannun mai karɓar lanho, ba su zuwa hannun mushe. Lamba kawai ake tarawa. Ya sa anka yi shela bayan sallar magariba.

Da safe na zaro takardar nan ta ƙasan jaka, na warware ta.

Akwai wata tsohuwa da na ba shekara 100, don ɗanta ya ce mini ta kai ɗari. Na koma, na durƙusa bakin ɗakinta. Ban ce mata shekarunki nawa ba. Na ce, "Iya, kin ga Kakalaba?"

Ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce, "Wa ya gaya maka sunan nan, yaro?" Kakalaba ita ce babbar yunwar 1913 da 1914. Ta ce ta gan ta. Ta ce tana bin uwarta daji tonon gidan tururuwa, suna neman ƙwayar da tururuwa ta ɓoye. Na ce, "Lokacin kina goye, ko kina tafiya da ƙafarki?" Ta ce da ƙafarta, har tana ɗaukar ƙaramin tulu, kuma haƙoranta na gaba sun fita, don tana tuna ana yi mata dariyar giɓi. To, giɓin nan shi ne amsata. Haƙoran nono na gaba suna faɗuwa wajen shekara 6 zuwa 7. Na yi lissafi bisa ƙasa: daga 1914 zuwa 1988 shekara 74, a ƙara 7, ya zama 81. Na goge 100, na rubuta 81. Ɗanta bai ji daɗi ba, kamar na ƙwace wa gidansu sarauta. Ita kuwa ba ta damu ba. Ta riƙe ni har azahar tana ba ni labarin waɗanda sunka tafi kudu neman abinci ba su dawo ba.

Daga ita sai hanya ta buɗe. In ka samu mutum ɗaya da ka tabbatar, ka samu turke, sai ka ɗaure sauran gare shi. Wa ya girme ki? Wa kunka yi wasan ƙasa tare? Maza kuwa sun san da wa anka yi musu kaciya, sun san da wa sunka fara kokowa a dandali. Mai gidan farko, wanda na ba 60, ya ce shekarar da ruwan gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi anka hau da gari bisa tudu, shi ne farkon zuwanshi kasuwa shina kora wa ubanshi jaki. Wannan 1945 ce. Munka auna shi da tsaranshi biyu, munka tsaya ga 53. Furfurar ta yi mini ƙarya da shekara 7. Wahala ke tsufar da manomi, ba shekaru kaɗai ba.

Wurin yara ne aikin ya yi nauyi, kuma nan nake son ku saurara.

Uba bai san shekarun yaro ba, ko ya ce ya sani. Uwa ta sani. Sai na roƙi izinin masu gida in zauna kusa da inda mata ke daka, tare da wata dattijuwa da mai gari ya haɗa ni da ita. Turkenmu shi ne El Buhari, yunwar 1984 zuwa 1985, wadda ba ta fi shekara huɗu da wucewa ba. Sunan ya samo asali ne daga shugaban Najeriya na lokacin, wanda ya rufe iyaka a 1984. Kowa shina tuna inda yake. Sai in ce, "Inna, da El Buhari ta shigo, wanga yaro shina ciki, ko shina goye, ko an yaye shi?" In shina ciki, 3 ne. In an yaye shi ga wannan rani, ya kai 6, don yaye wajen shekara biyu ake yi. In ya fara kora awaki, ya wuce 8. Sai mu duba baki mu ga giɓi. Yaran da na ɓatar sunka dinga fitowa ɗaya ɗaya, ga 6, ga 7, ga 8.

Amma na yi wani kuskuren da har yau in na tuna sai jikina shi yi sanyi. Wata mace tana da yara uku a gabanta. Na tabbatar da ƙaramin, sai na hau lissafi da ƙarfi: tsakanin haihuwa da haihuwa shekara biyu da rabi, saboda haka na tsakiya kaza, babbar kaza. Na ce babbar 8 ce. Matar ta bar daka. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Ba haka ba ne, Malam." Na ce ai lissafi ne. Dattijuwar nan ta taɓa mini hannu, ta ce a hankali, "Akwai biyu tsakaninsu. Sun koma." Yarinyar 13 ce, yunwa ce ta hana ta tsawo.

Uwa ba ta ƙirga wanda ya koma a gaban baƙo, amma shina nan cikin lissafinta. Mai ƙidayar da ya jera rayayyu kawai zai ɓata shekarun kowa. Tun ranar, in na ga rata, sai in rage murya in ce, "Inna, Allah shi jiƙan na ƙasa, akwai wani tsakani?" In ta ɗaga kai, ya isa. Ba na neman suna.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunanshi, balle ta tsaya tana ba ka labarin haihuwarshi. Na ga haka ga Hausawa, na gan shi da ƙarfi a rugar Fulani da ke gabas da garin. In ka matsa mata, za ta ce ba ta sani ba, ka rubuta abin da ka ga dama. Kada ka matsa. Nemi kaka, ko gwaggo, ko kishiya. Su bakinsu a sake yake.

Ardon rugar ya ba ni dariya. Ya nuna mini saniya, ya ce wagga haihuwarta huɗu, uwarta ta mutu a farin 1973, kakarta daga wajen Dakoro anka sayo ta. Ya buɗe bakin wani bijimi, ya ƙirga haƙora, ya faɗi shekarunshi ba gardama. Na ce, "To Ardo, kai fa?" Ya ce, "Ni ba a sayar da ni, don mi za a ƙirga?" Amma da na bi ta hanyar shanun, sai ga shi ya fito sarai. Ya san saniyar da anka ba shi ran suna, ya san shekarar da ciwon bushiya ya kashe ta, ya san rijiyar da suke shayarwa sa'ad da anka ce an samu mulkin kai a 1960. Makiyayi ya fi kowa riƙe lokaci. Tambayarmu ce ba ta bi ta ƙofarshi ba.

Abu biyu kuma na koya da ke rikita lissafi. Na ɗaya, wani da damina yake ƙirga, wani da azumi. Damina tana tafiya daidai da shekarar takarda. Shekarar wata kuwa kwana 354 ce, ta gaza da wajen kwana 11, har mai azumi 33 shekara 32 ya yi ga takarda. Na biyu, ƙidaya shekarar da ta cika take so, ba wadda anka shiga ba. Jaririn wata 11 ba a ba shi 1, sifili ake rubuta mishi. Uwaye ba su son wanga sifili ko kaɗan. Wata ta ce mini, "Ɗan nawa ne ba komi ba?" Sai da na yi mata bayani da buhu: ba a ce buhu guda sai ya cika.

Ku da ke karanta wagga jarida, turakunku sun fi na wancan lokaci yawa. Ga juyin mulkin Kunce ran 15 ga Afrilu 1974, ga rasuwarshi a Nuwamba 1987. Ga babban taron ƙasa na 1991. Ga faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994, da kuɗin kaya sunka tashi dare ɗaya. Ga rasuwar Ba'are Mainasara a Afrilu 1999. Ga yunwar 2005, ga husufin rana na Maris 2006 da gari ya dushe da hantsi. Kowane gari kuma shina da nashi: shekarar da anka gina rijiyar siminti, shekarar gobara, shekarar da anka naɗa mai gari. Ka samu shekarar, ka ɗebe ta daga wadda ake ciki, abin da ya rage shi ne amsa. Kuma tun da hannunka ya iya alƙalami, ka nemi littafi guda ka ajiye cikin akwati. Ran da anka haihu gidanka, rubuta rana da wata da shekara tun kafin a yanka ragon suna, sa'an nan ka je a yi wa yaro takardar haihuwa. Wanda ya koma ma ka rubuta shi.

Da aikin 1988 ya ƙare, anka ce mun kai miliyan 7 da ƴan kai. Na koma gida da wata tambaya tana cina. Ni mai tambayar mutane, nawa shekarun fa? Takardata ba ta da rana, ba ta da wata. Cewa ta yi an haife ni wajen 1961. Irinmu muna da yawa, wasu kuma an ba su 1 ga Janairu, kamar duk ƙasar ran nan anka haife ta. Na je wurin innata. Ni ne ɗanta na fari. Ta juya mini baya, ta ce in tafi in ba ta wuri, tana da aiki. Na tafi wurin gwaggona. Ita ta ce, "Kai? Ai ran da anka yi zaɓen i da a'a, uwarka tana cikin wankan jego. Maza sun tafi jefa takarda, mu muna dafa ruwa. Sabon hatsi munka daka ran sunanka."

Zaɓen i da a'a an yi shi ran 28 ga Satumba 1958, lokacin da Jibo Bakari ya ce a ce a'a. Ashe na girmi takardata da shekara 3. Gwaggo ta ce sa'ad da anka zo ɗaukar yara lakwal na riga na wuce, wanda ya rubuta sunana ya rage mini don in samu shiga. Ban san ko in gode mishi ko in yi fushi ba. Ba don ƙaryarshi ba, da ban iya rubuta muku wanga labari ba. Amma shekara 3 na ƙara ina aiki da gwiwoyi masu ciwo, tsarana suna hutawa.

Ƙidayar 2001 ta same ni bisa tafiya, anka ce miliyan 11. Ta Disamba 2012, wadda ta ba da miliyan 17, ta same ni zaune a zaure. Wata yarinya ta yi sallama da jaka a kafaɗa. Na sa anka kawo mata fura. Jikokina ba su ba ta wahala ba, na buɗe akwati na fito da takardunsu da littafina, ta kwafe. Da ta zo kaina ta ce, "Baba, shekarunka nawa?"

Na miƙa mata katina. Na ce, "Ɗiyata, wanga ya ce 51. Gwaggona, Allah shi jiƙanta, ta ce 54."

Ta ce, "To Baba, wanne zan rubuta?"

Na ce, "Ba a ba ku wata takarda mai jerin abubuwan da sunka faru ba?"

Ta yi ɗan murmushi. Ta zazzage jakar, takardar tana can ƙasa a naɗe. Ta warware ta bisa gwiwa, ta bi da yatsa har ta kai 1958.